Kafin ka ɗauki littafin Linux, gwada shi da harafin ƙ

A farkon shekarar karatun bana wani ƙanena a sashenmu ya nuna mini littattafan koyon Linux da ya tara a kwamfutarsa, wasu da Faransanci, wasu da Ingilishi, ya ce in zaɓa masa mafi kyau. Na tambaye shi wane aiki yake son ya yi da Linux ɗin, ya yi shiru. Amsar da ban ba shi a cike ba ran nan ita zan bayar a nan: littafin da ya dace da ɗalibin kimiyyar harshe shi ne wanda yake koyar da sarrafa matani a layin umarni, kuma ya san cewa haruffan duniya ba su tsaya a kan A zuwa Z ba.

Linux manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, wadda asalin rubutunta yake a buɗe ga duk mai son ya karanta ko ya gyara. Linus Torvalds ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, amma tsarinta gado ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a 1969. Ga mai nazarin harshe, ribar wannan gado tana cikin ƴan ƙananan umarnai: grep mai neman kalma, sort mai jerawa, uniq mai ƙirga abin da ya maimaitu, sed mai musanya wani rubutu da wani. In aka sarƙa su, abin da ɗaya ya fitar ya shiga na gaba, aikin da ɗalibi zai yi mako yana yi da biro sai ya ƙare kafin shayi ya huce.

Matsalar ita ce yawancin littattafan ba don mu aka rubuta su ba. Dubi Cahier de l'Admin Debian na Raphaël Hertzog da Roland Mas, wanda ɗalibai suke so saboda da Faransanci yake kuma ana samun sa kyauta. Littafi ne nagari, sai dai an yi shi don mai kula da kwamfutocin ma'aikata: kafa saba, tsaron hanyar sadarwa, raba izini ga ma'aikata. Wanda yake da hirarraki hamsin da ya rubuta daga bakin manoman Tasawa, yana son ya san sau nawa aka ce “wai”, zai yi tafiya mai nisa a ciki bai iske abin da ya fito nema ba. Haka How Linux Works na Brian Ward, mai bayanin yadda injin yake aiki daga ciki. Karatu ne na gaba, bayan hannu ya saba.

Wasu kuma suna cewa littafi ɓata lokaci ne, tunda umarnin man yana ba da bayanin kowane umarni. Mu da muke nazarin harshe bai kamata mu faɗa wannan ramin ba. Shafukan man ƙamus ne, ba nahawu ba. Babu baƙon da ya iya Hausa ta hanyar karanta ƙamus na Bargery na 1934 daga bango zuwa bango, duk da darajarsa. Layin umarni yana da ginin jimla: aikatau a farko, sai ƴan alamomin da suke sauya yanayinsa, sai karɓau. Littafi mai kyau yana koyar da wannan ginin daki-daki, sannan ƙamus ya yi amfani. Bidiyon intanet kuwa yana cin kuɗin waya, ba shi da fihirisa, kuma yana sa mutum kallo maimakon aiki.

Littafin da ya fi kusa da buƙatarmu shi ne The Linux Command Line na William Shotts, wanda aka buga a 2012 aka sake bugawa a 2019, kuma marubucin ya bar shi kyauta ga mai son saukewa. Yana da babi a kan alamomin neman tsari a cikin rubutu da babi a kan sarrafa matani, waɗanda su ne jarin mai nazarin harshe. Kusa da shi akwai ƴar ƙasidar Kenneth Church, Unix for Poets, da aka rubuta tun shekarun 1990 don masu aiki da harshe. Cikin shafuka kaɗan take nuna yadda ake ƙirga kalmomi da jera su bisa yawan fitowa.

To amma a nan ne tuntuɓe yake, kuma ni kaina na yi shi. Hanyar da ƙasidar Church take koyarwa ta raba kalmomi ita ce a umarci tr ya mayar da duk abin da ba ya cikin A zuwa Z sabon layi. A Ingilishi wannan ya wadatar. Da na gwada shi a kan matanin kundina, sai na ga “ba” da “da” sun yi yawan da ya wuce hankali, na kuma iske wasu halittu irin “asa” da “aki” a jerin kalmomi. Injin ya ɗauki ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a matsayin gurbi tsakanin kalmomi. “Ƙasa” ta koma “asa”, “baƙo” ya tsage ya zama “ba” da “o”, “daɗi” ya zama “da” da “i”, “jami'a” ta rabu biyu a kan hamza. Da ban duba jerin da idona ba, da na kai wa malamina alƙaluman ƙarya a kan korewa a Hausa, kuma kwamfutar ba ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba.

Dalilin yana cikin yadda ake adana haruffa. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, harafin k bayit ɗaya ne, ƙ kuwa bayit biyu. Shi ya sa wc -c, mai ƙirga bayit, yake cewa “ƙasa” ta fi “kasa” tsawo, alhali wc -m, mai ƙirga haruffa, yana ganin su daidai. Umarnin tr na GNU da bayit yake aiki, amma grep da sed suna gane haruffanmu idan an saita kwamfutar a kan UTF-8. Da sed ɗin ne ma ake daidaita ƴ ta Nijar da 'y ta Nijeriya kafin a haɗa matanin ƙasashen biyu.

Saboda haka, kafin ka ba littafi wata uku na rayuwarka, buɗe fihirisarsa. In babu grep, sed da sort, mayar da shi. In akwai, nemi Unicode ko UTF-8. In bai ambace su ba, ka yi amfani da shi amma ka san a inda zai yashe ka. Sannan ka ɗauki misalinsa na farko ka gwada a kan sakin layi ɗaya na Hausa mai haruffa masu ƙugiya, ka ƙirga da hannu, ka gwama.

Za a ce littattafan da na yaba da Ingilishi suke, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin cikas ba ne. Wanda Ingilishinsa bai ƙosa ba zai iya farawa da Reprenez le contrôle à l'aide de Linux na Mathieu Nebra, wanda yake kama hannun sabon shiga tun daga girka manhajar. Amma sunayen umarnan kansu gajerun kalmomin Ingilishi ne, kuma rabin kowane shafi na Shotts umarni ne da za ka buga ka ga sakamakonsa da idonka.

Ga ƙanena da ire-irensa shawarata ita ce su ajiye tarin, su riƙi littafi ɗaya, su karanta shi da kwamfuta a buɗe da matanin Hausa a gabansu. Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Shafuka ashirin da aka rubuta da Hausa ko Faransanci, masu misalai daga matanin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Barbarci, za su tsare ɗaliban Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa daga kuskuren da na yi. Duk wanda ya shirya fara wannan aiki, ina da jerin kalmomin da tr ya tsattsaga mini, zan ba shi su zama darasi na farko.