Ba Rabo Ba Ne, Ƙofa Aka Rufe

A garinmu Kurfi, duk ranar da aka ji ɗan wane ya sami gurbin ƙaro ilimi kyauta a Ingila ko Masar ko Malesiya, kalma ɗaya ce ke yawo daga majalisa zuwa majalisa: rabo. Mai faɗa ya ce rabonsa ne ya tsaga, masu ji su gyaɗa kai, wani dattijo ya ɗora da cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, sannan a koma hirar tsadar taki. Ni malamin sakandare ne, shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli, kuma na daɗe ina gyaɗa kai tare da su. Yau na daina. Ban musanta ƙaddara ba, Allah Ya tsare ni da yin haka. Abin da na musanta shi ne mu tattara sakacinmu da rowarmu da son kanmu, mu naɗe su cikin wannan kalma mai daraja, mu miƙa wa ɗan talaka mu ce ya rungume ya yi haƙuri.

Tallafin karatu gasa ce. Tana da ranar buɗewa da ranar rufewa, tana da sharuɗɗa, tana da kuɗin da mai nema zai kashe tun kafin a san da zamansa. Iƙirarina a wannan rubutu shi ne, mafi yawan haziƙan yaranmu na Kurfi da Dutsin-Ma ba a taɓa kayar da su a wannan gasa ba, domin ba su taɓa shiga filin ba. A bakin ƙofa ake barin su, kuma mu ne masu gadin ƙofar.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar ’yan bindiga, kuma Kurfi da Dutsin-Ma na ciki. Ba na jayayya da dalilin. Wanda ya kwana yana jin ƙarar bindiga ba ya raina duk wata dabarar da za ta kawo masa barci. Amma waɗannan watanni su ne kakar neman tallafi a duniya. Shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda, ya buɗe shafinsa a watan Agusta ya rufe a farkon Nuwamba. Wani tsohon ɗalibina, wanda ya fita jami’a da sakamakon da malamansa ke alfahari da shi, ya ji labarin shirin ne saura mako biyu a rufe, shi ma a bakin wani fasinja cikin mota. Sau huɗu yana hawa motar haya zuwa Katsina don kawai wayarsa ta kama intanet. A tafiya ta ukun ya gano cewa ana son ya rubuta maƙala huɗu da Turanci a kan jagoranci da hulɗa da jama’a da dalilin zaɓen kwas da burin rayuwa, ya zaɓi kwasa-kwasai uku, ya kawo mutum biyu da za su yi masa shaida, ya kuma nuna ya yi aikin shekara biyu. Duk yana da abin faɗa a kansu. Lokacin tsara su ne babu. Da ya dawo ya same ni a gindin darbejiyar makaranta, sai ya ce, “Malam, ba rabona ba ne.” Ni kuwa da bakina na ce masa, “Haka ne, ɗana, Allah Ya sa haka shi ya fi alheri.” Har yau ina jin kunyar wannan amsa. Takwaransa da ke zaune a Abuja ko Legas ya san da shirin tun shekara guda kafin nan, ya sami wanda ya taɓa ci ya duba masa rubutunsa sau uku. Idan wannan shi ne rabo, to rabo ya san adireshin gidajen masu hali ƙwarai.

An maido da layukan sadarwa daga baya, amma ƙofar ba ta buɗe ba, domin akwai katanga ta biyu, wadda nake kira kuɗin neman kuɗi. Mai karatu ya lissafa tare da ni. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Takardar haihuwa, ko rantsuwar shekaru a kotu ga dubban da aka haifa a gida ba a yi musu rajista ba. Lambar NIN, da wahalar gyara ta idan an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar firamare. Harafi ɗaya ya isa ya sa kwamfuta ta tofar da mutum. Cikakken sakamakon jami’a, wanda sai an biya an kuma yi zarya. Fasfo, wanda daga 1 ga Satumba 2025 ƙaraminsa mai shafi 32 ya koma naira 100,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Sannan jarrabawar Turanci ta IELTS da jami’o’i da yawa na ƙetare ke nema, wadda kuɗinta ya fi na fasfon, ga kuɗin mota da masauki a birnin da za a rubuta ta. Manomin da ’yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa ta daji, ya koma noma bayan gida, a ina zai samo wannan? Kuma duk wannan kuɗin shiga ne kawai, babu tabbacin ci. Ɗan mai hali yana nema sau biyar ya faɗi sau huɗu, a na biyar a ce ya yi rabo. Ɗan talaka damarsa ɗaya ce, idan ma ya samu, bayan an sayar da akuyar mahaifiyarsa.

Katanga ta uku ita ta fi ci mini rai, domin ba talauci ya gina ta ba, mu ’yan boko muka gina ta da hannunmu. Ita ce rowar labari. Na san mutanen da suka yi digiri na biyu da na uku a waje da kuɗin Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973 don horar da ’yan Nijeriya a fannin mai da iskar gas. Na san waɗanda suka ci tallafin Commonwealth, da na DAAD na Jamus, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da na gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa a farkon kowace shekara. Sun dawo, muna alfahari da su, muna kiran su Dakta a wurin ɗaurin aure. Nawa ne daga cikinsu suka taɓa tara yaran unguwarsu a zaure suka ce ga yadda na yi? Sanarwa tana fitowa, sai ta zagaya cikin rukunin WhatsApp na ’yan uwa da abokan aiki, ba ta isa kunnen ɗan mai faci ba sai ta rufe. Wani ma na taɓa tambayarsa yadda ake rubuta takardar bayyana manufa, ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai abin sai addu’a.” Shi kuwa na san wata uku ya yi yana gyara tasa. Wanda ya hau bishiya da tsani, ya janye tsanin, sannan ya leƙo yana yi wa na ƙasa wa’azin tawakkali, ban san sunan da ya dace da shi ba a rubutun da dattawa za su karanta.

Abin takaicin shi ne wannan ƙasa tamu ta taɓa sanin wata hanyar. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ba ta zauna jiran yara su ji labarinta a cikin mota ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka bi larduna ana zaƙulo yara, En’e na ɗaukar nauyinsu. Daga cikinta Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito, kuma da tallafi Ɓalewa ya tafi Landan a 1945 ya ƙaro ilimin koyarwa. Ba na yi wa wancan zamani kwalliya. Zaɓen ya fi karkata ga ’ya’yan sarauta da na kusa da su, mata kuwa ba a ma yi zancensu ba. Amma ƙa’idar da ke ƙarƙashinsa ita nake so a duba: hukuma ce ke fita neman haziƙi, ba haziƙi ke yawon neman hukuma ba. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ya riƙe ma’aikatar ilimi ta Jihar Arewa a kan wannan ƙa’ida, kuma sunansa ne a kan Kwalejin Ilimi da ke Dutsin-Ma. Yau garin yana da wannan kwaleji, yana da Jami’ar Tarayya da aka kafa a 2011. Dubban ɗalibai ke kwana suna tashi a cikinsa. Garin da ya tara ilimi haka bai kamata yaron da ke ƙauyen da ke kallon madatsar ruwa ta Zobe ya kammala sakandare bai taɓa jin cewa akwai masu biya wa mutum kuɗin karatu don ƙwazonsa kawai ba.

Za a ce mini ai gwamnati na yi. Tana yi, kuma ba zan hana ta yabon da ta cancanta ba. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗaliban da suka fito daga makarantun gwamnati zuwa Masar su karanta likitanci, wasu zuwa Sin. A Kano an ga irin haka a zamanin Rabi’u Musa Kwankwaso, da kuma na Abba Kabir Yusuf. Sai dai shirin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana iya faɗuwa ranar da mutumin ya sauka, kuma mun ga yadda ɗalibai ke tagayyara a ƙasar waje idan gwamnati ta canza ko kuɗi suka makale. Ko a matakin tarayya, a 2025 aka sanar da dakatar da shirin musayar tallafi na BEA, wanda ya daɗe yana kai yaranmu ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari. Asusun NELFUND da ya fara aiki a watan Mayu na 2024 ya rage wa iyaye da yawa nauyi, yana biyan kuɗin makaranta yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa. Amma bashi ne, sunansa ke nan, kuma bai kai mutum digiri na biyu a ƙetare. Sannan akwai irin tallafin da ɗan siyasa ke rabawa a filin taro, da kyamara da maroƙa, a ba yaro abin da ba zai saya masa littattafan zango ɗaya ba, sunayen kuma daga aljihun shugabannin mazaɓa suka fito. Wannan nau’in shi ya fi kowanne ɓarna, domin shi ya koya wa yaranmu cewa tallafi alfarma ce da ake samu da durƙuso. Yaron da ya tashi da wannan fahimta ko ya ga sanarwar gasa ta gaskiya ba zai nema ba, zai ce ai ban san kowa ba.

Za a kuma ce laifin yaran ne, wayar da suke kallon TikTok da ita ai ita ce ake cike fom da ita. Akwai gaskiya a nan, kuma ina faɗa musu a aji ba tare da sakaya ba: zomo ba ya kamuwa daga zaune. Na ga wanda aka kai wa sanarwa har gida ya bari ta rufe. Na ga wanda ya kwafi maƙalar wani ya aika, ya manta bai canza sunan garin ba. Amma mutum ba ya neman abin da bai san sunansa ba. Kuma waɗanda suka yi yunƙuri ba tare da jagora ba su ne ke faɗawa hannun ’yan damfara, masu tura saƙon cewa an zaɓe ka, ka biya kuɗin rajista. Gaskiyar da ba ta wuce jimla ɗaya ba, cewa tallafi na ainihi ba ya sa mai nema ya tura kuɗi asusun wani mutum, da ta ceci kuɗin gidaje da yawa da an faɗe ta a taron iyaye da malamai. ’Ya’ya mata kuwa katangarsu ninki biyu ce. Yarinyar da ta fi kowa a ajina shekara uku da suka wuce ba ta da wayar kanta, kuma ba za a bar ta ta hau mota zuwa Katsina don cike fom ba, a kan titin da kowa ya san halinsa da yamma.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Kowace ƙaramar hukuma cikin 34 na jiharmu tana da sashen ilimi. A ware tebur ɗaya da ma’aikaci ɗaya da kwamfuta ɗaya, aikinsa ya san kalandar tallafi ta shekara, ya liƙa ta a makarantu, ya aika wa limamai su sanar bayan sallar Juma’a kamar yadda ake sanar da rigakafi. Manyan makarantun da ke Dutsin-Ma su fara yi wa ɗalibi bayanin waɗannan damammaki tun yana aji biyu, lokacin da sakamakonsa bai gama daskarewa ba. Ƙungiyoyin ci-gaban gari, waɗanda ke iya tara miliyoyi don walimar naɗin sarauta, su kafa asusun biyan fasfo da jarrabawar Turanci ga yara goma mafiya ƙwazo a shekara. Duk wata hukuma da ta raba tallafi da kuɗin jama’a ta wallafa sunayen waɗanda suka ci da makinsu da mazaɓarsu, kowa ya gani. Wanda kuma ya yi karatu da kuɗin jama’a ya sani ana bin sa bashin yara biyar da zai kama wa hannu.

Ni na fara biyan nawa, ko da yake ban taɓa tsallaka iyakar Jibiya da sunan karatu ba. Kowace Asabar bayan la’asar muna zama a ajin da ke kusa da ofishin shugaban makaranta, mu buɗe shafukan masu ba da tallafi a wayata, mu karanta sharuɗɗa layi-layi, mu fassara. Makon jiya mutum tara suka zo, uku mata, ɗaya da rakiyar yayanta. Mun ɓata zaman gaba ɗaya a kan gyaran suna, domin a cikin taran, shida ne sunan da ke kan takardar WAEC ɗinsu ya saɓa da na NIN.