Wa ya taɓa makin? A tambayi saba mana!

Duk ƙarshen zango labarin ɗaya ne: wani ya ga B a fotal jiya, yau ya wayi gari da F. Wata ta zauna jarabawa, ta sa hannu a takardar halarta, amma sakamakonta ya yi ɓatan dabo. Ka je sashe su tura ka wurin 'yan kwamfuta, ka je can su ce "ai netwok ne". Mu 'yan Arewa da ke karatu a Kudu abin ya fi ci mana rai, domin sai ka baro Kano ko Sakkwato cikin hutu, ka kwana a mota, don bin maki ɗaya.

Ni dai a ganina wannan amsa ta "netwok" ta daina karɓuwa.

Makinmu yana zaune ne a rumbun bayanai, a kan babbar kwamfutar da ake kira saba. Ita kuwa saba tana iya rubuta duk abin da ya faru a cikinta: wane asusu ne ya shiga, daga wace kwamfuta, ƙarfe nawa, wane umarni ya bayar. SQL Server na Microsoft yana da Extended Events da SQL Server Audit tun fitowar 2008. PostgreSQL yana da pgAudit, kyauta ma. In aka ƙara ɗan tsari a kan teburin maki, har tsohon maki da sabon duk za a ajiye. Kayan aiki suna nan. An kunna su kuwa?

Za a ce maka bin diddigi yana sa saba nauyi, yana cika ma'ajiya. Gaskiya ne, in ka ce sai ka rubuta komai da komai. To wa ya ce a rubuta komai? A tace, a sa ido kan shiga da fita da duk wani canji a teburin maki da na kuɗin makaranta. Shi ke nan.

Amma fa da sharaɗi. In mutum biyar suna amfani da kalmar sirri ɗaya, rajistar ba za ta nuna kowa ba. In mai kula da saba zai iya goge ta, an ba kura ajiyar nama. Dole a riƙa tura kwafinta wata na'ura da hannunsa bai kai ba. Kuma sai an sa wanda zai riƙa karanta ta.

Wannan ba yaƙi da malamai ba ne. Malamin kirki da aka yi wa ƙazafin sayar da maki, wannan rajistar ce za ta wanke shi.

Shugabannin ƙungiyar ɗalibai, don Allah a zamanku na gaba da hukuma ku yi tambaya uku: ana ajiye tarihin canjin maki? Wa ke duba shi? Ɗalibi zai iya neman a nuna masa nasa?