Baftisma Ba Wanki Ba Ce da Za a Sake

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a wasu ikilisiyoyinmu, wadda ya kamata a tuhume ta a fili. Yarinya ce za ta taso a Numan, an yi mata baftisma tana jaririya, ta yi ajin tabbatarwa, ta shekara goma tana cin Jibin Ubangiji. Ran da aure ya kai ta wata ikilisiya, sai dattawa su dubi katinta su ce wannan yayyafi ne kawai, ta koma aji, a kai ta rafi a nutsar da ita kafin ta kusanci tebur. Ni a ganina wannan zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Ba gardamar jiya ba ce, kuma masu cewa sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa za a yi wa baftisma ba 'yan wasa ba ne. A Janairun 1527 hukumar birnin Zurik ta nutsar da Felix Manz a kogin Limmat har ya mutu saboda wannan ra'ayi. A 1708 mutum takwas suka shiga kogin Eder a Jamus suka yi baftisma a matsayin manya, daga cikinsu ne kuma zuriyar da ta iso Garkida a 1923 ta fito. Wanda aka kashe kakanninsa a kan abu yana da haƙƙin riƙe shi da ƙarfi. Amma haƙƙin riƙe naka bai zama izinin soke na ɗan'uwanka ba.

Sukan ce babu inda Sabon Alkawari ya ambaci jaririn da aka yi wa baftisma. Gaskiya ne. Sai dai babu kuma inda ya ambaci ɗan masu bi da aka bari sai da ya girma. Abin da yake a rubuce shi ne gidaje: gidan Lidiya da na mai tsaron kurkukun Filibi a sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni, da gidan Istifanas da Bulus ya tuna a wasiƙarsa ta fari zuwa Koranti. Za su amsa cewa mutanen gidan mai tsaron kurkukun sun ji wa'azi tukuna, na Kirisbus kuma an ce sun ba da gaskiya. Na yarda. To, gidan Lidiya fa? Ita kaɗai aka ce an buɗe wa zuciya, amma har da mutanen gidanta aka yi wa baftisma. Mu da muka san ma'anar gida, mai gida da iyali da barori da 'yan riƙo da goyon da ke baya, bai kamata mu karanta kalmar kamar tana nufin balagaggu uku a ɗaki ɗaya ba. Ban ce wannan ya tabbatar da akwai jarirai a gidan ba. Na ce nassin bai rufe ƙofar da suke cewa ya rufe ba, kuma a kan abin da nassi ya bari a buɗe ba a hana mutum Jibi.

Har Tertuliyan na Kartaj, wanda suke yawan kafa hujja da shi, wajen shekara ta 200 shawara ya bayar cewa jinkiri ya fi ga yara. Ba a ba da shawarar barin abin da ba a yi, wato tun zamaninsa ana yi. Bai kuwa ce a mai da waɗanda aka riga aka yi wa cikin ruwa ba.

Ga kuma tambayar da ba a son ji. Yaran da ake tarawa ajin baftisma, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, a haddace amsoshi, a jera su bakin rafi sa'a guda saboda tsararsu duk sun shiga, nawa ne cikinsu suka zo da zaɓin kansu, nawa ne uwa ta turo? Idan ingancin baftisma ya rataya a kan cikar bangaskiyar mai karɓa a ranar, to rabinmu sai mu koma ruwa duk lokacin da muka farka daga sanyin zuciya. Idan kuwa ya rataya a kan alkawarin Allah da sunan da aka ambata, to bai lalace ba don mai karɓar yana cikin zanin goyo. Masu yi wa jarirai ma suna da laifinsu, domin sau da yawa ana gama shagalin suna a manta da reno, amma maganin wannan koyarwa ce, ba ƙarin ruwa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke zaune tare. Tun 1955 Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi ta haɗa 'yan Lutheran da 'yan Reformed masu yi wa jarirai da waɗanda suke jiran shaidar baki a inuwa ɗaya. Fastocinsu sun zauna aji ɗaya a kwalejin tauhidi ta Bukuru. Suna musayar bagade, suna binne matattun juna. A 2014, da Boko Haram ta mamaye Mubi da kewayenta, waɗanda suka gudu sun sami mafaka a majami'un da ba nasu ba, ba wanda ya tsaya duba kati a bakin ƙofa. Yaya za ka kira mutum ɗan'uwa a taron shekara, ka ba shi bagadenka, sa'an nan ka ce aikin da ya yi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba komai ba ne? Ai wanda ka ƙi ruwansa, shi ka ƙi.

Ba na roƙon kowa ya fara yi wa jarirai baftisma. Wanda lamirinsa ya ce a miƙa yaro kawai a jira, ya ci gaba. Roƙona shi ne idan wannan amarya ta zo, a tsai da ita gaban jama'a ta furta bangaskiyarta da bakinta, tun da abin da ake nema ke nan, fasto ya ɗora mata hannu, a rubuta sunanta a littafin membobi, ta ci Jibi tare da mijinta a wannan Lahadin.