INA AMFANIN DIGIRIN DA BA YA KWANCE NOTI?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ƙara da kusan dukanmu muka sani. Ita ce ƙwas-ƙwas ɗin nan da ke fitowa daga ƙarƙashin gaban tsohuwar jif duk lokacin da ta faɗa rami. Mun ji ta a motar baba, mun ji ta a wadda yaya ya sayo gwanjo daga Kwatano da bashin ofis. Mun kuma san maganin da muka saba yi mata: mu ƙara sautin rediyo. A kan wannan ɗabi'a muka kawo kuka yau, kuma mu da kanmu ne waɗanda ake tuhuma.

Bari mu fara da abin da ƙarar ke faɗa. Tayar gaba tana rataye ne da hannuwa na ƙarfe, a ƙarshensu akwai gaɓa mai kama da ƙwallo a cikin kwasfa, wadda makanikai ke kira boljoyin. Aikinta irin na gaɓar ƙugun mutum ne. Wata 'yar roba ce ta lulluɓe ta, tana riƙe giris a ciki. Ranar da robar ta yage, giris ya fita, yashi da ruwan damina su shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. A motoci irin su Prado da 4Runner ƙirar 1996 zuwa 2002, boljoyin ta ƙasa ce ke ɗauke da nauyin gaban mota. Idan ta tsinke ana cikin gudu, taya za ta kwanta a ƙarƙashin mota, sitiyari ya zama abin ado a hannun direba. A shekarar 2005 kamfanin Toyota ya kira motoci sama da dubu 700 a Amurka domin a canza musu wannan gaɓa kyauta. Wanda ya ƙera motar ya ɗauki abin a matsayin maganar rai da mutuwa. Mu kuwa da muke bin hanyoyin da suka fi nasu ramuka, sai mu ce "za ta kai mu, in sha Allahu", mu loda mata da yara.

Me ya jawo haka? Raini ne ga aikin hannu, wanda muka sha tare da karatun boko. An koya mana cewa ɗan boko da farar riga aka san shi, baƙin mai kuma na wanda bai yi makaranta ba ne. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, muka yi murna cewa zamanin ƙere-ƙere ya zo. A farkon shekarun 1980 aka shigo da tsarin 6-3-3-4 domin yaro ya koyi sana'a tun a ƙaramar sakandare. Ga shi bayan shekara arba'in da ɗoriya, ana samun ɗalibin injiniya wanda zai zana maka lissafin sifirin a allo, amma bai taɓa riƙe sifana mai lamba 19 ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Tsohuwar nan ita ce tamu, da ita za mu zauna. Wanda bai san cikinta ba, kullum a hannun wani yake.

To, aikin nan ba tsafi ba ne. A ajiye mota a daɓe mai tauri, a tokare tayoyin baya, a sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak. Daga nan a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka. Kada kowa ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a dogara da bulon siminti, domin yana rugurgujewa ba tare da gargaɗi ba. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: in ta yi wasa, a tuhumi boljoyin ko boris. A kama ta dama da hagu: in ta yi wasa, a dubi tayarod, sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya. Boljoyin mai ɗauke da nauyi takan ɓoye lalacewarta, saboda haka a sa doguwar sandar ƙarfe a ƙarƙashin taya a ɗaga, wani na kallon gaɓar. A dubi bushin, robobin da ke gindin hannuwa, ko sun tsattsage. A dubi shokazoba ko mai na tsiyaya. Tayar da ta cinye ta gefe guda ita ma shaida ce.

Wajen canji akwai ƙa'idoji kaɗan da ba a ƙetare su. Abin da aka canza a dama a canza shi a hagu, domin tare suka tsufa. Kafin a kwance kan tayarod a ƙirga zagaye nawa ya yi, a mayar da sabon daidai da haka. Kada a bugi bakin zaren ƙusa da guduma. A sa sabon fil a kan noti, tsohon da aka lanƙwasa ya gama aikinsa. Ƙusoshin bushin kuwa sai mota ta sauka nauyinta ya hau taya ake ɗaure su ƙarshe, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Kowane noti yana da ma'aunin ɗaurinsa a littafin motar, akwai kuma sifanar da ke auna shi. Bayan an gama a kai ta a daidaita tayoyi a na'ura. Abu guda muke cewa a bar wa gwanaye: raba sifirin da shokazoba. Sifirin da aka matse yana iya karya hannu ko fasa kai in ya kuɓuce.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce muna son raba makanikai da abincinsu. Ko kusa! Wanda ya taɓa kwana biyu yana fama da ƙusa mai tsatsa shi ne ya san darajar bakanike, ba zai kuma ƙara yi masa tayin wulaƙanci ba. Jahilin mai mota ne ke ɓata sana'ar, domin shi ke cewa "lallaɓa mini ita", a dunƙule tsohuwar boljoyin da guduma a cusa mata giris a mayar. Shi ne kuma yake shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ce a ba shi mafi araha, a miƙo masa jabu a cikin kwali mai sheƙi. Araha ba ta ado, balle a gaɓar da ke riƙe da ran iyali. Wasu kuma za su ce komai sai da ajali. Haka ne, amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar gidansa a buɗe da dare saboda wannan hujja ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta sayi jak mai kyau, da ƙafafun ƙarfe huɗu, da akwatin sifanu, a ajiye inda kowane ɗan ƙungiya zai ara. A gayyato dattijon bakanike, a biya shi haƙƙinsa kamar yadda ake biyan malamin da ya zo lacca, ya koya mana ranar Asabar. 'Yan'uwanmu mata su zo, domin su ma suna tuƙi, su ma a cikin motocin nan suke. Ma'aikata kuma su haɗa kuɗi a unguwa su yi haka.

Kafin hutu mai zuwa, kafin a kama hanyar gida da kaya niƙi-niƙi, kowa ya kashe rediyo ya saurari motarsa. In ya ji ƙwas-ƙwas, ya tuɓe farar rigar ya nemo jak.