Mai Dariyar Turancinka Ba Shi Zai Biya Maka Asara Ba

'Yan uwana mazauna Kontagora da kewaye. Yau magana ce zan yi wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kakana daga ƙasar Katsina ya zo garin nan da fatauci, mahaifina kuma hatsi yake sayarwa. Tun ina yaro nake jin manyanmu suna cewa, "Me za mu yi da Turanci? Bakambare da Badukke da Bayarabe duk da Hausa suke ciniki da mu." Gaskiya ne, tun da Umaru Nagwamatse ya kafa garin nan a 1864 Hausa ke cin kasuwa. To amma Hausar nan a baki ta tsaya. Takardar banki da Turanci take zuwa, haka rubutun jikin kwalbar maganin feshi, haka saƙon da ke shigowa waya.

A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa kuɗi suka ɓace a hannun jama'a, ciniki ya koma taransifa. Wani baƙo ya sayi buhun masara goma a wurin Baba, ya nuna masa fuskar waya, ga sunansa ga adadin kuɗi. Baba ya ce a loda. Kalma ɗaya ce a ƙasan saƙon, "pending", wato kuɗin ba su riga sun tafi ba. Har yau ba su iso ba. Da na dawo na yi masa bayani, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kai da ka yi sakandare, me ya hana ka koya mini?"

Abin da ya hana ni shi ne tsoron dariya. A majalisarmu, in yaro ya gwada Turanci sai a ce, "Ga Bature ya iso." In ya yi kuskure, shi ke nan ya samu sunan da zai bi shi har gidan aure. Masu dariyar nan kuwa, su ne ke tsayawa a bakin banki suna roƙon wanda ba su sani ba ya cike musu fom, har da ba shi lambar sirri. To wa ya kamata a yi wa dariya?

Su ma makarantunmu suna da nasu laifin. Shekara 6 na yi ana cusa mini nahawu don in ci WAEC da NECO, amma ba a taɓa kawo rasit ko kwalin magani aji an ce mu karanta ba. Ga hedikwatar NECO a Minna, ga Jami'ar Ilimi ta Tarayya a cikin garinmu, amma ɗan kasuwa bai san bambancin "debit" da "credit" ba.

Wasu za su ce Turanci zai kashe mana harshe da tarbiyya. Ku yi haƙuri, ban yarda ba. Mota, tebur, bokiti, birki, asibiti, duk daga Turanci kakanninmu suka aro su, kuma ba su daina salla ba. Bahaushen da ya iya Yarbanci a Sabo ta Ibadan, ya iya Larabci a Makka, shi ne zai ce kalma ɗari ta Turanci ta fi ƙarfinsa?

Ni dai yanzu kullum bayan la'asar kalma biyar muke yi da Baba, daga abin da ke cikin shago da saƙonnin wayarsa. Yana rubuta ma'anarsu da ajami a bayan littafin bashi. A wata guda kalma 150 ke nan. Kwanaki shi da kansa ya mayar da katan ɗin maganin ƙwari saboda ya ga wa'adinsa ya wuce.

Don haka matasa, kowa ya zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa. Masu dariya kuma, ku ji tsoron Allah, in ba za ku koya ba ku ƙyale masu koyo.

Allah Ya sa mu dace, amin.