Birnin da 'ya'yansa ke ɓata a cikinsa

Ranar Asabar na aiki ɗan yayana Kasuwar Kurmi. Cajin wayarsa ya ƙare a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa, sai ya tsaya cak, har sai da ya ari wayar wani ya kira ni: "Baba, ta ina zan bi?" Yaron nan fa haifaffen Kano ne, shekararsa 19. Dariya na fara yi, daga baya abin ya dame ni.

Akwai wani wasa da Turawa ke kira orienteering, ni dai tseren taswira nake ce masa. Za a ba ka taswira da kamfas, a yi alama a wuraren da dole ka taɓa ɗaya bayan ɗaya, hanya kuwa kai za ka zaɓa. Babu waya, babu tambayar mutane. Daga atisayen sojojin Suwidin ya samo asali, an kafa hukumarsa ta duniya a 1961, aka fara gasar duniya a Finland a 1966. A 2001 suka ƙara gajeren tsere na kamar minti 15, wanda yanzu cikin gari ake yinsa. A 2014 lungunan birnin Banis na Italiya suka zaɓa, kuma a shekarar aka shigo da na karɓa-karɓa, mutum huɗu a ƙungiya, wannan ya dawo wancan ya tashi.

Jama'a, abin da suke nema ido rufe, shi muke da shi a banza: lungu mai rikitarwa. Wanda ya taɓa shiga Yakasai ya ɓulla Soron Ɗinki ko Alfindiki ya san ba a ƙafa kaɗai ake tsere ba, har da ƙwaƙwalwa. Ku ƙaddara an tashi daga Ƙofar Nassarawa, a taɓa Gidan Makama, a taɓa marinar Ƙofar Mata, a ratsa Kurmi, a miƙa wa na gaba a gindin Dala. Ba a buƙatar sabon filin wasa, takarda ce da alkalami da masu tsayawa a kowace alama.

Na san za a ce 'yan daba da masu ƙwacen waya fa? Gaskiya ne. Amma lungun da mutanen kirki suka ƙaurace wa, shi ɓata-gari ke mallakewa. A sa shi safiyar Lahadi kafin 'yan adaidaita su cika titi, a shigo da masu unguwanni da 'yan sintiri, kowace unguwa ta fito da ƙungiyarta. 'Yan mata a yi musu nasu a harabar makaranta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne badala. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ginin ta, yau muna kallo ana cinye ta da shaguna. Yaron da bai san inda Ƙofar Ɗan Agundi take ba, me zai sa ransa ya ɓaci in an rushe abin da ya rage?

Ni dai na zana wa ɗan yayana taswira da hannuna, mako mai zuwa zai koma Kurmi ba waya. Malaman makarantu da shugabannin 'yan sikawut da ke nan, wa zai fara da ɗalibansa? Allah Ya sa mu dace.