SHAWARA GA MAIGIDA: Iskar Kuɗi Ko Iskar Mai Faci?

Masu motoci a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun saba da mai faci na bakin titi, da ɗan injinsa da gejinsa. Amma yanzu wasu shagunan taya na zamani suna tallar wata iska da ake kira naitirojin. Su kan ce ba ta fita da sauri, taya kuma ba ta zafi, su ɗaura maka koren murfi a kan bawul, su karɓi kuɗi fiye da na mai faci. To, mai karatu, ko ta cancanci wannan kuɗi?

Bari mu fara da abin da mai talla ba ya faɗa. Iskar nan da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kashi 21 kuwa oksijin. Wato duk ran da mai faci na Titin Zariya ya buga maka iska, ya riga ya ba ka naitirojin mai yawa. Abin da shago ke sayarwa shi ne rage ɗan oksijin da laimar ruwa da ke ciki.

Gaskiya ne naitirojin ba ya saurin zurarewa ta jikin roba kamar oksijin. Amma bambancin nawa ne? Wata mujallar masu sayayya a Amurka mai suna Consumer Reports ta gwada tsakanin 2006 da 2007. An cika tayoyi zuwa awo 30 na geji, wasu da iska, wasu da naitirojin, aka bar su a waje shekara guda cur. Masu iska suka rage awo 3.5, masu naitirojin suka rage 2.2. Ka ga ribar shekara ɗaya ba ta kai awo ɗaya da rabi ba. Mai faci kan gyara wannan kafin ka gama gaisawa da shi.

Maganar zafi fa? Kowace irin iska kan kumbura da zafi, ta tsuke da sanyi. Geji kan tashi wajen awo 1 in zafi ya ƙaru da digiri 5 ko 6. Tayar da ka auna da asubahin hunturu ba za ta nuna daidai da ta azahar ɗin watan Afrilu a Kano ba, ko da me aka cika ta.

Akwai inda naitirojin ya zama dole. A 1986 wani jirgin sama na ƙasar Meziko ya faɗi, mutum 167 suka rasu, domin birki ya yi zafi ƙwarai, tayar da aka cika da iska ta fashe, wuta ta kama. Bayan haka aka tilasta wa manyan jirage sa naitirojin, gama shi ba ya ciyar da wuta. Amma motar da ke kai yara makaranta, ta kai uwargida Kasuwar Tarauni, ba ta ganin irin wannan zafi.

Ga kuma wani haɗari da ba a lura da shi. Mutum ya biya kuɗin naitirojin, sai ya ɗauka ya sallami geji ke nan. Ko kuwa taya ta yi laushi a Kwanar Dangora, ya ƙi bari mai faci ya ƙara mata iska wai kada ya ɓata tsadaddiyar iskarsa. Wannan wauta ce. Haɗa su biyun ba ya ɓata kome. Taya mai laushi ita ce ke lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe da gudu, ga iyali a baya. Tana kuma shan mai, tana cinyewa ta gefe-gefe.

Saboda haka ga shawarata:

1. Sayi gejinka, ka auna tayoyi sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, da safe tun ba su yi zafi ba. Kada ka manta da safaya.

2. Bi awon da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Wanda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne.

3. Roƙi mai faci ya riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan tankinsa, don ka sami busasshiyar iska.

4. In za ka sayi taya, musamman 'yar Kwatano, dubi lambobi huɗu na jikinta. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar roba ba ta jin magani.

In an ba ka naitirojin kyauta, karɓa, ba laifi. In da kuɗi ne, tara su ka canja tayar da ta tsufa. Rigakafi ya fi magani. Sai wata mai zuwa.